Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ministocin kuɗi da na ilimi a kan tallafin yaƙi da jahilci

Ranku ya daɗe masu girma ministoci, da ku jami'an da ke zama a teburin raba tallafi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin ajin manya ne, kuma na shafe shekaru ina cika takardun neman tallafin gwamnati a madadin wata ƙaramar ƙungiya mai koya wa manya karatu da rubutu. An ba mu, an hana mu, an kuma taɓa ba mu a takarda amma kuɗin bai iso ba sai bayan da ajin ya watse. Na rubuto muku a bainar jama'a ne saboda duk rahoton da na aika ta ofis, shafin lissafi kawai ake buɗewa, a buga hatimi, a jefa shi cikin fayil.

Zan zo kan maganar yawan kuɗin, amma ba da ita zan fara ba. Kukana a kan yadda kuke yanka tallafin ne: tsawon wa'adinsa, da abin da kuka yarda a saya da shi, da kuma abin da kuke ƙirgawa a ƙarshe ku ce an yi nasara.

Akwai wata baiwar Allah da ta zauna a ajina, shekarunta sun haura hamsin. Ranar farko ko riƙon fensir bai zauna mata ba, sai ta damƙe shi kamar mai riƙe da wuƙa. Cikin wata tara ta iya rubuta sunanta da na 'ya'yanta, tana kuma haɗa baƙi da wasali ta karanta gajeren saƙo a hankali. Muka yi bikin yaye ɗalibai, aka ba ta takardar shaida, aka ɗauki hoto, ni da hannuna na rubuta sunanta a jerin waɗanda suka yi nasara. Wa'adin tallafin ya ƙare a watan, aka rufe ajin. Bayan shekara biyu muka haɗu a wani wurin da ake sa hannu a takarda, ina kallo ta miƙa babban yatsa aka shafa masa tawada ta dangwala. Da ta ɗago ta gan ni, ita ce ta ji kunya, har da sunkuyar da kai. Ta ce, "Malam, abin ya gudu." Har gobe kuwa sunanta yana cikin adadin da ma'aikatarku ke karantawa a taro, a matsayin wadda aka fitar daga duhun jahilci.

Ba ta yi laifin komai ba. Haka karatu yake ga wanda ya koye shi da girma. Idan mutum yana tsintar baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, sai ya zama ya wahala bai fahimci komai ba, kuma wanda ke wahala a kan abu ba riba, daina shi zai yi. Karatu ba ya kama jiki sai ya kai matsayin da ido ke ɗaukar kalma gaba ɗayanta ba tare da an tsaya ana lalube ba, wannan kuwa sai da maimaici mai yawa. Ku yi lissafin da kanku. Aji mai zama sau uku a mako, awa biyu kowane zama, tsawon wata tara, bai kai awa 240 ba, in ma ba a yi fashi ko sau ɗaya ba. To babba yana fashi, don yana da aiki, da jinya, da rasuwa, da neman abin da za a ci. Yaro ɗan firamare a ƙasashen ƙungiyar OECD, waɗanda galibinsu masu arziki ne, yana samun wajen awa 800 na darasi a shekara ɗaya, kuma ba wanda ya ce ya gama koyon karatu a aji ɗaya. Amma uwarsa, wadda ta wuni tana aiki kafin ta zo, ita ce kuke ba wa kashi ɗaya cikin uku na wannan lokaci, ku ce ta sauke.

Wannan darasi ba yau duniya ta fara biyan kuɗinsa ba. A shekarar 1965 ministocin ilimi na duniya, magabatanku ke nan, suka taru a Tehran a kan kawar da jahilci, kuma daga wannan taro ne aka samo ranar 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, da kuke bikinta duk shekara. Abin da ya biyo baya shi ne babban shirin gwaji da UNESCO da UNDP, hukumomin ilimi da na raya ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka gudanar a ƙasashe 11 tsakanin 1967 da 1973. An zuba kuɗi, an kawo ƙwararru. Da aka zo tantancewa a 1976, su kansu masu shirin suka amince cewa sakamakon bai kai abin da aka kashe ba, mafi yawan waɗanda aka yi wa rajista ba su kai matakin da aka sa musu ba. Tun daga nan masu ba da lamuni da agaji suka ja baya daga karatun manya, suka ce rijiya ce da ba ta ba da ruwa. Har yanzu muna shan wannan gori a duk teburin da muka zauna.

Masu gorin sukan manta da Kuba. A 1961 ƙasar ta rufe makarantu na watanni, ta tura matasa kusan 100,000 ƙauyuka, kowa da fitilarsa da littafinsa, suka zauna a gidajen manoma, a yi aikin gona da rana a yi karatu da dare. Kafin ƙarshen shekarar an koya wa mutum fiye da 700,000, adadin marasa karatu ya sauko daga kashi 23.6 cikin 100 zuwa 3.9. Kowa ya san wannan labari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da aka gama biki a Disamba ba a ce kowa ya kama gabansa ba. An buɗe azuzuwan ci gaba nan take, aka yi shekaru ana bin waɗannan mutane har aka sa burin kowane babba ya kai matakin aji shida. Nikaragua ta kwaikwayi kashin farko a 1980, cikin wata biyar ta sauko da adadinta daga kusan kashi 50 zuwa kusan 13, har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Sai yaƙi ya zo, kuɗi ya tafi wajen bindiga, azuzuwan ci gaba suka yi ta mutuwa, adadin ya sake hawa. Tanzaniya kuma, da shugabanta Julius Nyerere ya ayyana 1970 a matsayin shekarar ilimin manya, bai tsaya ga aji ba. An kafa ɗakunan karatu na karkara, aka buga jaridun karkara da Swahili mai sauƙi, aka yi shirye-shiryen rediyo da jama'a ke sauraro a ƙungiyance, a 1975 kuma aka buɗe kwalejojin ci gaban jama'a da taimakon Suwidin. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ana maganar kashi 90 cikin 100 na manya sun iya karatu. Da tattalin arziki ya karye aka tsuke bakin aljihu, waɗannan ƙananan abubuwa aka fara yankewa, jaridar da ɗakin karatun, sai adadin ya yi ƙasa.

Ƙasashen nan uku duk sun iya gangami. Abin da aka yi a shekara ta biyu da ta uku shi ya raba su. Tallafin da kuke bayarwa kuwa, kusan kullum, kuɗin shekarar farko ne kaɗai.

Na san dalili. Kasafin gwamnati na shekara ɗaya ne, kuma akanta ba ya son alkawarin da ya tsallake shekararsa. Amma kuna sa hannu a kwangilar hanya da ta madatsar ruwa ta shekara huɗu ko biyar ba tare da kowa ya ce doka ta hana ba. Ashe hanyar yin hakan tana nan, ba a dai ɗauki aikinmu a bakin wanda ya cancanci a bi masa ita ba ne. A 2005 ƙungiyar Global Campaign for Education tare da ActionAid sun tattara ƙwarewar shirye-shirye daga ƙasashe da dama suka fitar da mizani: shirin da zai yi ƙarko yana cin dala 50 zuwa 100 ga kowane ɗalibi a shekara, kuma sai an riƙe shi aƙalla shekara uku, biyu na koyo, ɗaya na tabbatar da karatun ya zauna. Shekara ashirin ke nan da faɗin wannan. Ni dai ban taɓa riƙe takardar tallafi mai wa'adin shekara uku a hannuna ba.

Sai maganar malami, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Akwai wata al'ada da ta zauna a zukatan masu tsara waɗannan shirye-shirye, cewa malamin manya ɗan sa kai ne, lada yake nema. Za a ware kuɗin buga littafi, da na taron bita a otal, da na man motar masu sa ido, da na riguna masu tambarin shirin, in aka zo kan mutumin da zai tsaya gaban allo sau uku a mako sai a rubuta masa ɗan abin sayen sabulu, shi ma a biya shi bayan wata huɗu. Dubi Indiya, ƙasar da ba wanda zai ce ba ta san wannan aiki ba, tun daga shirin ƙasa na 1988 da gundumar Ernakulam da aka ayyana a 1990 cewa kowa a cikinta ya iya karatu. Sabon shirinta na 2022 zuwa 2027 ya sa burin mutum miliyan 50, da kasafin rupi biliyan 10 da ɗoriya. In ka raba, kowane ɗalibi bai samu abin da ya kai dala uku ba. Lissafin ba ya tashi sai don an gina shi a kan cewa malaman ba za a biya su ba. Ba ina raina sa kai ba ne, da shi aka yi aikin Kuba, da shi aka yi na Ernakulam. Amma zafin sa kai na wata shida ne, ko shekara. In ya huce, mai iyali zai tafi inda zai samu abin kai wa gida, kuma yana da gaskiya. Ranar da malami ya daina zuwa, ajin ya mutu ke nan, domin babba ba ya bin makaranta, mutumin da ya saba da shi yake bi, wanda ya ga kuskurensa bai yi masa dariya ba. In aka kawo sabon malami, sai an sake gina wannan amana daga tushe, kuma rabin ɗaliban ba sa dawowa a gina da su.

Afirka ta Kudu ta gane wannan a shirin Kha Ri Gude da ta fara a 2008. Ta kira malamanta 'yan sa kai, amma ta yanka musu alawus na wata, ta buga littattafan a dukkan harsuna 11 na hukuma a lokacin, har da rubutun makafi, kowane ɗalibi kuma yana da kundin aikinsa da ake tattarawa a duba. Shirin bai rasa nasa matsaloli ba, amma aƙalla an ɗauki malamin a matsayin ma'aikaci mai haƙƙi.

Kuɗin da aka amince da shi ma, yaushe yake zuwa? Wannan ne abin da ya taɓa kashe mana aji biyu a shekara guda. Takardar amincewa ta fito a farkon shekara, muka tara mutane, muka yi wa malamai alkawari. Kuɗi bai faɗo ba sai da shekara ta kusa ƙarewa, tare da gargaɗin cewa duk abin da ba a kashe ba kafin rufe littafin kasafi a mayar da shi baitulmali. Ku gaya mini, me mutum zai yi da kuɗin wata tara cikin mako bakwai? Sai a sayi kujeru da allunan da ba a buƙata, a kira taron bita na gaggawa, don a samu rasit. Ga rasit ya cika fayil, ga aji ba kowa. Wani salon kuma shi ne a ce ku kashe naku tukuna, ku kawo shaida a biya ku. Babbar ƙungiya mai ajiya a banki za ta iya wannan. Ƙaramar da ke zaune cikin mutanen, wadda ta san wace ce mijinta ya hana ta zuwa da wanda kunya ta hana shi, ita ba ta da abin da za ta fara kashewa. Da haka tallafin ke komawa hannun waɗanda suka ƙware a rubuta takardar neman kuɗi, su kuma su ɗauko mu haya mu yi musu aikin da ragowar abin da ya rage.

Ba sai an ƙirƙiro sabuwar dabara ba, akwai inda aka rubuta maganin wannan a doka. A Amurka, dokar 2014 da ke kula da ilimin manya ta wajabta wa jihohi su ba da tallafin na shekaru da yawa a jere, ta hanyar gasa, kuma ƙungiyar unguwa ko ɗakin karatu suna da damar nema kai tsaye daidai da kwaleji. Ta ce aƙalla kashi 82.5 cikin 100 na kuɗin tarayya ya sauka ga masu koyarwa a ƙasa, kuma jiha ta kawo kashi 25 na jimillar kuɗin daga aljihunta. Akwai kuma sharaɗin da na fi so: kuɗin tarayya ƙari ne a kan abin da jiha ke kashewa, ba a yarda ta janye nata ta maye gurbinsa da shi ba. Masu wannan aiki a can suna da nasu koke-koken, kuɗin bai ishe su ba, ana jerin gwanon jiran gurbi a aji. Amma ga wanda ya saba da tallafin wata tara mai zuwa a wata na goma, waɗannan sharuɗɗa abin sha'awa ne.

Bari in ɗan ratse in faɗi ƙananan abubuwan da takardar tallafi ba ta da layinsu, alhali su ne ke korar mana ɗalibai. Na farko tabarau. Mutum in ya haura arba'in, idonsa yakan daina ganin ƙaramin rubutu na kusa, wannan halitta ce. Na sha ganin dattijo ya yi mako uku yana fama, ya yanke hukuncin cewa kansa ne ba ya ja, ya daina zuwa, alhali baƙaƙen ne ba ya gani. Tabarau na karatu yana cikin mafi arahar kayan lafiya a duniya, amma da na sa shi a kasafi aka soke, wai wannan aikin ma'aikatar lafiya ne. Haka fitila, tunda yawancin azuzuwan da dare ake yin su. Haka mai kula da yara a lokacin darasi, alhali kusan kashi biyu cikin uku na manya fiye da miliyan 700 da ba su iya karatu ba a duniya mata ne, kuma mace mai goyo ba ta da inda za ta ajiye goyonta. Sannan abin karantawa bayan an gama littafin farko. Ana koya wa mutum karatu da harshen da yake ji, wanda shi ne daidai, sai ya fito ya tarar babu jarida, babu littafin labari, babu ko takardar bayanin magani a wannan harshe. Me zai karanta? Matar da na ba ku labarinta, da na tambaye ta, ta ce tun ranar biki ba ta sake samun wani rubutu da za ta iya da shi ba sai littafin ajin, shi kuma ta haddace shi.

Yanzu ga ɓangaren da 'yan'uwana masu ƙungiyoyi ba za su ji daɗinsa ba. Kuna da hujja in kuka ce kuna tsoron a cuce ku. Akwai azuzuwan bogi, akwai rajistar da aka cika da sunayen mutanen da ba su taɓa taka ajin ba, akwai waɗanda ake tarawa ranar da aka ji masu sa ido za su zo, a raba musu littafi, a karɓe bayan mota ta tashi. Na gani da idona. Amma tsarin ku ne ke kiwon wannan. In dai da yawan sunaye a rajista kuke auna aiki kuma da shi kuke sakin kuɗi, to sunaye za a kawo muku. Mai gaskiya da ya ce ya fara da talatin ya gama da goma sha takwas, shi ne zai ga an rage masa, maƙaryacin da ya fara da talatin ya gama da talatin da biyu a ƙara masa. Burazil ta ɗanɗani wannan da shirinta na koyar da manya mai suna MOBRAL, wanda gwamnatin soja ta kafa a 1967. Ba a rasa kuɗi ba, domin an ware masa kaso daga cacar wasanni da harajin kamfanoni, kuma ya yi ta shelar miliyoyi. Ƙidayar jama'a ba ta gaskata shelar ba, aka rufe shi a 1985. Wannan kuwa ita ce ƙasar da masanin ilimi Paulo Freire ya nuna a garin Angicos a 1963 cewa leburori 300 za su iya fara karatu cikin kwana 45 in aka fara da kalmomin rayuwarsu, kafin juyin mulkin 1964 ya kai shi kurkuku, daga nan gudun hijira.

Auna karatu ba abu ne mai wuya ba. A Suwidin, bayan dokar coci ta 1686, limamin coci kan zagaya gidaje ya sa kowa, babba da yaro, mace da namiji, ya karanta a gabansa, ya rubuta matsayin kowa a kundi, a shekara mai zuwa ya dawo ya sake. Fiye da shekara ɗari uku ke nan, ba kwamfuta ba mota. Abin da nake roƙo bai wuce wannan ba. Ku ɗauki sunaye ta hanyar ƙuri'a daga rajistarmu, ku aiko mutumin da bai san mu ba, ba tare da sanarwa ba, shekara guda bayan bikin yayewa, ya miƙa wa ɗalibin rubutun da bai taɓa gani ba ya ce karanta, sannan gaya mini abin da ya ce. Kuɗin kashi na gaba ya rataya a kan wannan. Ni na yarda a auna ni da shi, ko da zai fallasa ni, in dai kun ba ni shekarun da kayan da zan yi aikin.

Ku ma ku shirya jin abin da ba ku so. Adadin masu karatu da ƙasashe da yawa ke bayarwa ya samo asali ne daga tambayar mai ƙidaya ga maigida, "Ka iya karatu?", shi kuma ya amsa wa kansa da iyalinsa. Duk inda aka ajiye tambayar aka kawo jarrabawa, adadin yakan faɗi. Jamus, da duk arzikinta da makarantunta, da ta auna a 2018 ta samu manya miliyan 6.2 da karatu da rubutu ke ba su wahala, fiye da rabinsu Jamusanci ne harshensu na farko, kuma mafi yawansu suna da aikin yi. Ba ta ɓoye ba. Tun 2016 ta ware shekara goma cur ga wannan aiki, da alkawarin yuro miliyan 180 daga gwamnatin tarayya. Birtaniya ma da rahoton kwamitin Moser da gwamnati ta kafa ya fito a 1999 ya ce kusan babba ɗaya cikin biyar a Ingila yana da wannan matsala, shi ya haifar da shirinta na koyar da manya na 2001.

To, yawan kuɗin. Rahoton UNESCO na 2022 a kan ilimin manya ya nuna cewa cikin ƙasashe 146 da suka ba da bayani, 22 ne kawai ke kashe kashi 4 cikin 100 ko fiye na kasafin iliminsu a kan manya, 28 kuwa ba su kai kashi 0.4 ba. Mizanin 2005 da na ambata kashi 3 ya nema, ga karatun manya kaɗai. A Yunin 2022 wakilanku suka je taron UNESCO kan ilimin manya a Marrakesh suka sa hannu a kan ƙara kuɗin, kamar yadda suka sa a Belem a 2009, da Hamburg a 1997. Muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya ma sun ce zuwa 2030 dukkan matasa da kaso mai tsoka na manya su iya karatu da lissafi. Ga 2030 ɗin nan a bakin ƙofa.

Amsar da nakan samu ita ce, kuɗi kaɗan ne, gara a zuba a kan yara, manya nasu ya wuce. Na fahimci mai wannan magana, kuma ba na neman a ɗauke ko kwabo daga firamare. Sai dai ya duba abin da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka ƙiyasta a 2022: kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Waɗannan su ne ɗalibaina na nan da shekara goma sha biyar. Yaron da ya dawo daga makaranta ya tarar ba wanda zai duba littafinsa, ba wanda zai gane cewa shekara uku yana zuwa bai iya komai ba, shi ne ya fi saurin shiga wannan kaso. Uwar da ta iya karatu takan gane tun a zangon farko, ta je ta tambayi malami. A ajina na ga uwa da 'yarta suna haɗa kai a kan littafi ɗaya, kowace tana gyara wa ɗaya. Kuɗin da ya koyar da uwar nan, a wane layin kasafi za ku sa shi, na manya ko na yara?

Wata alfarma kuma, tunda na samu kunnenku. Kalmar nan ta jahilci da muke ta maimaitawa, ni ma da ita na buɗe wasiƙar don ita kowa ya sani, amma ba na furta ta a gaban ɗalibaina. Mutumin da ya rayu shekara hamsin, ya yi sana'a, ya aurar da 'ya'ya, yana riƙe da lissafin bashin mutum ashirin a ka, ba ya son a kira shi jahili, kuma ba shi ba ne. Sau da yawa allon da kuke sa mu kafa a ƙofar aji, mai ɗauke da wannan kalma da manyan baƙaƙe, shi ke hana maza shigowa. Ku bar mu mu sa wa ajin sunan da mutane za su iya shiga ƙarƙashinsa da rana tsaka.

Abin da nake nema a takardar tallafi ta gaba, in za ku duba: wa'adin shekara uku a rubuce, kashin farko ya iso kafin ranar buɗe aji, albashin malami ya zama layin da ba a taɓawa ko an rage sauran, a kuma bar mana gurbin tabarau da fitila da abin karantawa ba tare da an tura mu wata ma'aikata ba. A madadin haka, ku zo ku gwada ɗalibanmu duk ranar da kuka ga dama.

Matar nan, kafin mu rabu a ranar, ta goge tawadar a gefen mayafinta ta ce in an sake buɗe aji in aika mata, wannan karon ba za ta bari ya gudu ba. Na ce to. Takardar nemanmu tana ofishinku tun watanni bakwai da suka wuce, kuma ban aika mata da komai ba tukuna.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin ajin manya